Ɗan Kwikwiyo Mai Cinye Takalma

Wani mai sauraronmu daga Kaduna ya aiko yana cewa ɗan kwikwiyonsa mai wata 4 ya cinye masa takalma, har ya fara taɓa wayar lantarki. Me zai yi?

To Malam, famfara yake yi. Haƙoran nono na zubewa, manya na fitowa, dasashinsa na ƙaiƙayi. Yawanci famfarar kan kammala wajen wata 6 zuwa 7.

Kada ka doke shi. Ɗauke takalma, ka ɗage wayar lantarki, domin wannan kisa take yi. Jiƙa tsumma mai tsabta, ka sanyaya a firji, ka ba shi ya tauna kana kallo. Kada ka ba shi tsohon takalmi, bai san bambancinsa da sabo ba. Dafaffen ƙashi ma a kiyaye, yakan tsage ya huda hanji.