Tabkin Damina da Gonar Auduga

Ya ku manoman auduga, ga watan Agusta ya matso, lokacin da ruwa kan kwanta a gona. Bari mu duba dalili.

Akwai ƙasashen da ƙarƙashinsu dutsen farar ƙasa ne, irin na Kalambaina kusa da Sakkwato, wanda a ke yin siminti da shi. Ruwa ya kan ci irin wannan dutse sannu sannu har ya yi ramuka. A Sulobeniya, can Turai, akwai wani kwari, sunansa Cerknica. In an yi ruwa mai yawa ramukan su cika, ruwa ya ɓullo, kwarin ya zama tabki har a kama kifi. Da rani kuwa sai ya zurare ta inda ya fito, mutane su shiga yankan ciyawa.

To, tamu ƙasar ba haka ta ke ba. Jazira baƙar laka ce. Da rani ta kan tsattsage, ruwan fari ya shige. Da ta ƙoshi sai ta kumbura, tsagar ta rufe. Ga fili kuma a shimfiɗe kamar faifai. Watau ruwan ba shi da mafita, sai rana ta shanye shi, ko kuwa kai ka buɗe masa hanya. Umdurman ta ɗan fi mu sa'a, gama tana da korama irin su Hor Abu Anja masu kai ruwa Nilu. Duk da haka a 1988, ran 4 ga Agusta da dare, an zuba ruwa wajen milimita 200 a Hartum, fiye da abin da ta saba samu a shekara guda, gidajen ƙasa da yawa suka rushe.

Saiwar auduga tana bukatar iska. Ƙaramar shuka in ta kwana biyu ko uku cikin ruwa, sai ganyenta ya yi rawaya, ta tsumbure. Ruwan nan kuma shi ke yaɗa ciwon da ke baƙanta reshe, ga sauro.

Saboda haka a ɗaga kunya sosai, a shuka angurya bisa kanta. A yashe magudana tun kafin hadari ya haɗo. In an yi ruwa da dare, toshe bakin Abu Sitta da sassafe, kada ka ƙara wa gona na ban ruwa. Fasa wa ruwan hanya zuwa magudana, ba hawashar maƙwabcinka ba. Wannan ya sha haddasa rigima. Kada kuma ka shiga noma laka na kama ƙafa. Inda shuka ta mutu, jira ƙasa ta tsane, sa'an nan ka cike gurbin.