Ka ji ta kowa, amma ka auna da sikelinka

Ɗana, mahaifiyarka ta ce tun da ka zauna a Amurka ka shiga cikin masu wasan harbi, har ka sayi kayan ɗura harsashi da hannunka. Ban ga laifi ba, tunda dokar can ta yarda. Da a nan Najeriya ne, dokar makamai ta 1959 ba za ta bar ka ba sai da izinin hukuma. Abin da nake so mu tattauna shi ne yadda za ka ci moriyar waɗanda suka riga ka.

Tsofaffin maharba sun san abubuwan da sai an daɗe ake sani. Idan mutum goma masu harba .308 Winchester, wanda ya fito tun 1952, suka ce maka harsashin Sierra mai nauyin giren 168 yana shiri da albarushin Varget ko IMR 4064, to sun rage maka lalube a duhu, sun kuma tsare maka aljihu. Karɓi sunan albarushin da na harsashin, ka yi godiya.

Wurin awo ne za ka ja birki. Adadin da wani ya zuba a kwansonsa nasa ne, kamar maganin da likita ya rubuta wa maƙwabcinka. Bindigogi biyu daga masana'anta ɗaya ba lalle cikinsu ya zo daidai ba. Kwanson soja yakan fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, sai albarushi ɗaya ya yi masa yawa. Gwangwanin albarushin bana yakan ɗan bambanta da na bara. Ɗurin da ya zauna lafiya a hunturun Montana yana iya yin tsauri a zafin Arizona. Ga kuma sunaye masu rikitarwa: H4350 da IMR 4350 da Accurate 4350 albarushi uku ne daban-daban, amma mai ba ka labari zai ce "4350" kawai ya wuce, kai kuwa ka tafi kanti.

Saboda haka duk abin da aka gaya maka, kai shi gaban littafin Lyman ko Hornady ko Hodgdon. Kamfanonin nan suna da na'urar auna matsin iskar da ke tashi cikin bindiga, suna kuma bin iyakar ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926. Iyakar .308 fam 62,000 ce a kan kowane inci murabba'i, kuma kuncinka na jingine daf da wurin. Fara daga mafi ƙanƙantar awon littafi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Awon da giren ake yinsa, ka tuna giram ɗaya ma ya haura giren 15. In sakatar bindiga ta yi maka gardama wajen buɗewa, ko ka ga tabo mai sheƙi a gindin kwanso, tsaya nan take, ka riga ka zarce.

Sannan ba kowane mai magana ake saurara ba. Maharbi, Allah ya yafe mana, ɗan kuri ne a ko'ina. Zai zaro takarda daga aljihu mai huji uku manne da juna, sauran takardun ranar kuwa suna kwandon shara. Tambaye shi a hankali: harbi nawa ya yi, da wane kwanso, tsawon bututun nawa, ya auna gudun harsashin? Wanda ya buɗe maka littafinsa da kwanan wata, zauna kusa da shi. Wanda ya ce littattafan nan tsoro ya yi musu yawa, gaishe shi ka matsa.

Kai ma ka sami littafinka, ka rubuta kowane ɗuri a ranar da ka yi shi. Gwangwanin albarushi ɗaya kawai za ka bari a kan tebur lokacin aiki, kuma don Allah kada ka harba ba tabarau a idonka.