Albashin Naira 70,000 da Tallafin Gwamnati: Ina Ƙaramin Ma'aikaci Zai Dosa?

Ranar 29 ga Yuli, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 70,000 a wata. Ƙungiyoyin ƙwadago, NLC ta Joe Ajaero da TUC ta Festus Osifo, da Naira 615,000 suka buɗe ciniki. Suka sauko 494,000, suka ƙara saukowa 250,000, daga ƙarshe suka sallama a 70,000, bisa sharaɗin za a riƙa duba albashin duk shekara uku maimakon biyar. Jihohi suka biyo baya, kowace da nata: Kano 71,000, Kaduna 72,000, Kebbi 75,000, Neja 80,000, Legas 85,000.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yunin da ya gabaci sa hannun, abinci mai gina jiki mafi araha yana cin Naira 1,241 a rana ga baligi ɗaya. A wata ya kama Naira 37,230. Miji da mata kaɗai sun cinye 74,460, ba a zo kan yara ba, balle haya da kuɗin mota da wuta da magani. Arewa maso Yamma ta fi sauran yankuna sauƙin abinci a wannan lissafi, amma gidajenta suna da yawan bakuna.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. An saki Naira a kasuwar canji, dala ta tashi daga kusan 460 zuwa sama da 1,500. Naira 125 da gwamnatin Shehu Shagari ta tsayar a 1981 ta kai kimanin dala 200 a lokacin. Naira 30,000 ta Buhari a 2019 ta ɗan haura dala 80. Naira 70,000 kuwa, ranar da aka sa mata hannu, ba ta kai dala 50 ba. Takardar albashi ta yi kauri, ledar cefane ta rame.

Shi ya sa masinja a ma'aikata da malamar firamare da mai gadin asibiti suke ta tambaya ɗaya: mai ɗaukar albashi ya cancanci tallafin gwamnati ko bai cancanta ba?

A Amurka amsar a rubuce take. Akwai layin samun kuɗi da aka shata, mutum ya kai shaidar albashinsa, in ya faɗo ƙasan layin a ba shi katin sayen abinci ko da yana aiki. Najeriya ba ta da wannan tsari. Tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya ta kan Rajistar Marasa Galihu ta Ƙasa yake bi, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita tun 2016, kuma kowace jiha tana da nata ofishin da ke tattara sunaye. Ba a cike fom a nema. Ana fara zaɓen ƙananan hukumomi da garuruwan da talauci ya fi yi wa katutu. Sannan jami'ai su tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, su da kansu su faɗi alamomin talauci a wurinsu, su kuma lissafa gidajen da abin ya fi shafa. Daga nan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida su duba rufin ɗaki, ruwan sha, dabbobi, yawan iyali, kwamfuta ta jera gidajen daga mafi buƙata.

A irin wannan zama, da wuya mutanen unguwa su tsallake bazawara mai marayu shida su ambaci wanda ake jin ƙarar shigar albashi a wayarsa duk ƙarshen wata. Kuma da gaskiyarsu. Ƙaramin ma'aikaci ya fi ƙarfin rajista, albashinsa kuma bai kai masa tsakiyar wata ba.

Ko ga waɗanda ke cikin rajistar, abin ba na dogaro ba ne. Shirin da aka ƙaddamar a Oktoban 2023 ya yi alkawarin Naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, wato 75,000 gaba ɗaya. A Janairun 2024 aka dakatar da shi bayan dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, da aka dawo kuma aka gindaya sharaɗin tantance lambar NIN ko BVN kafin biya. Wanda yake da tsohuwa a ƙauye ko ƙanwa mai marayu da ke cin tukunyarta daban, hidimar da zai yi musu ita ce ya tabbatar suna da NIN da asusun banki da sunansu, ya kuma tambayi mai unguwa ko sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko an taɓa ɗaukar sunaye a garin. Shiga rajista kyauta ce. Duk wanda ya nemi "kuɗin fom", ko ya turo adireshi ta WhatsApp ko Facebook yana neman lambar katin ATM ko lambar sirrin da banki ke turowa, ɗan damfara ne.

Shi kuwa ma'aikacin, gara ya bar jiran wannan 25,000 ya juya ga haƙƙoƙin da doka ta riga ta rubuta masa. Na farkonsu albashin kansa ne, a cike.

Dokar ta hau kan gwamnati da 'yan kasuwa, amma tana da ƙofofin fita. Ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi mai aikin wucin gadi da bai cika awa 40 a mako ba, haka mai aikin kamasho ko jinga, da mai aikin gona na damina. Nan ne yawancin yaran shago da masu aikin gida suka faɗo. Amma makarantar kuɗi mai malamai da ma'aikata 40, ko kamfanin gadi, ko gidan mai mai rassa, ba su da hujjar biyan mutum 30,000. Irin wannan ma'aikaci ya fara da takarda. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba da sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku. Ya nemi a riƙa biyansa ta banki domin shaida ta taru. In an ƙi gyarawa, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a kowace jiha, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma ƙorafin mutum goma ya fi na mutum ɗaya nauyi da aminci daga kora. Malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan albashi da aka riga aka sa wa hannu, abin da ke nuna cewa ma'aikatan ƙananan hukumomi ne aka fi barin su a baya.

Sai haraji. Sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026 ta yafe haraji ga mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, kuma Naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar kowa na shekara ba a cire mata komai. Wanda ya ɗan haura haka yana da rangwamen haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar da yake biya a shekara, muddin rangwamen bai wuce 500,000 ba, ana cire shi daga kuɗin da za a yi wa lissafin haraji. Sai dai ba a ba da shi sai an kawo shaida, don haka ɗan haya ya daina karɓar "Allah ya yi albarka" daga mai gida a madadin rasit. Kowa kuma ya duba takardar albashinsa layi-layi, ya tambayi ofishin kuɗi dalilin kowane yanka.

Inda albashi ya fi zurarewa shi ne asibiti, domin tiyata ɗaya tana iya cinye albashin wata shida. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma jihohi suna da hukumominsu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Abin takaici, ma'aikata da yawa ana yankar musu kuɗin duk wata amma ba su taɓa zuwa sun karɓi kati ko sun zaɓi asibiti ba. A tsarin ma'aikatan tarayya, inshorar tana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, majiyyaci ya biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Mai mata biyu ko 'ya'ya tara sai ya tambayi kuɗin ƙara sauran, don ya fi sauƙi a kan biyan asibiti kai tsaye. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ke biya wa masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da masu buƙata ta musamman a zaɓaɓɓun asibitocin mazaɓu. Guraben suna da iyaka, wanda ya riga tambaya shi ke samu.

Mai ɗa a jami'a ko kwalejin gwamnati ya san da asusun bashin karatu na NELFUND. Dokar farko ta 2023 ta ce sai iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce Naira 500,000 a shekara ba, sharaɗin da zai fitar da mai albashin 70,000 tun daga bakin ƙofa. Dokar Afrilun 2024 ta soke wannan sharaɗi, ta soke na kawo masu tsayawa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibi ya samu 20,000 a wata na ɗawainiya, babu ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Bashi ne, ba kyauta ba, amma ya fi sayar da gona.

Akwai ƙofar da kunya ke hana ma'aikata ƙwanƙwasawa. A fiƙihun Malikiyya, wanda abin hannunsa bai isa ya riƙe shi da iyalinsa shekara ba yana cikin masu cin zakka, ko da yana da sana'a. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato tana da ta Zakka da Waƙafi, kuma suna taimakawa wajen jinya da jari. Mai albashin da asibiti ya rubuta wa kuɗin da ya fi ƙarfinsa bai yi abin kunya ba in ya kai takardun can.

Abin gudu shi ne bashin manhajojin waya, masu ba da 20,000 yau su nemi ta da ruwa mai nauyi bayan mako biyu, in an makara su bi lambobin 'yan uwa da saƙon cin mutunci. Ƙungiyar gama kai ta wurin aiki ta fi aminci, musamman mai sayo masara da shinkafa da kaka ta riƙa cira a hankali daga albashi.

Duk waɗannan ƙofofi da takarda ake buɗe su, kuma abin da ya fi maido mutane baya shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da BVN. Mai karatu ya gyara wannan tun yanzu, ya haɗa takardar ɗaukar aiki, takardun albashi, rasit ɗin haya da takardun haihuwar yara a jaka ɗaya. Bisa doka, sai 2027 za a sake zama a kan mafi ƙarancin albashi.