Idan Inji Ya Ƙi Zama da Giyar Otomatik

An sayo inji ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Panteka, an sauke shi cikin mota, sai ya ƙi haɗuwa da giyabos. Ratar da ta rage ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba. A nan ne wani zai ce a zura dogon noti a ja su da sifana. Kada ka yarda. Aikin noti riƙe abin da ya riga ya zauna, ba jawo abin da ya ƙi ba. Wanda ya ja da ƙarfi, famfon man giyar yake fasawa, kuma ba zai sani ba sai an gama ɗauri, an tayar da mota, an sa giya, ta ƙi motsi.

Yawancin lokaci laifin na kwanbata ne, wato wannan tukunyar ƙarfe mai nauyi da ke tsakanin inji da giya. Ba a ɗaure ta a jikin inji sannan a turo giya. A cikin giyabos ake fara zaunar da ita. Zuba mata man giya kamar lita ɗaya, ka shafa wa wuyanta mai don kada ta yaga sil, sannan ka riƙa juyawa kana turawa a hankali, kana ɗan tallafe nauyinta. Matakai take shiga: haƙoran shaf na ciki, haƙoran na waje, sannan bakin famfo. Za ka ji ƙwas sau biyu ko uku. Na ƙarshen shi ke yaudarar mutane, don tun kafin a kai gare shi tana yin kamar ta zauna. Idan har yatsunka na shiga bayanta a sake, da saura. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a bakin giyabos ka auna zurfinta, ka gwada da yadda faifan inji ya fito. Tana iya zamewa yayin ɗagawa, don haka kada ka bari bakin giyar ya sunkuya.

In ta zauna amma har yanzu ana gardama, leƙa ramin da ke gindin karanshaf. Injin da aka ciro daga mota mai giyar hannu yakan zo da ɗan boris ko bushin a ciki, kuma nan ne hancin kwanbata zai shiga. Cire shi, ka goge tsatsa. Irin wannan injin ma fulawil ɗinsa mai kauri ne, dole a canza shi da siririn faifan otomatik, da notinsa, da zobban da ke gaba da bayansa in motar tana da su, kamar yawancin Toyota. Daga tsohon inji ake ciro su, shi ya sa ba a sakin sa ga ’yan gwangwan sai an gama aiki.

Sai ’yan fegin ƙarfen nan guda biyu masu daidaita inji da giya. Wani lokaci ɗaya ya maƙale a giyarka, sabon injin kuma ya zo da nasa a rami guda. Wasu in sun ga haka sai su cire duka su huta. Ganganci ne: babu su, tsakiya ba za ta yi daidai ba, bayan ’yan watanni faifan ya tsage, sil ya fara yoyo. Duba kuma ko waya, ko bututun gwajin mai, ya shiga tsakani.

Da fuskokin biyu sun manne da hannu, zura yatsa ta ramin kik ko ta murfin ƙasa ka juya kwanbata. Tilas ta juya sakayau, kuma a jawo ta gaba kamar milimita 3 zuwa 5 kafin ta taɓa faifan. Idan ta cije, sauke, komai yammar da ta yi da kuma matsin mai mota.

Wajen ɗaure ta, kama duk notin da hannu tukuna, kana juya inji, sannan ka bi ka matse. A Camry mai injin 2AZ notin shida ne, ɗaya launinsa daban, shi ake fara sawa. Kada ka musanya su da masu tsawo, don suna lotsa bangon kwanbata su lalata kulocin da ke ciki.