Ƙarin da ke Gindin Ƙwaƙwalwa: Kafin a Sayar da Gona

Idan kunne ɗaya ya daina ji a hankali, yana ƙugi, ga jiri, ko gani ya fara tsukewa ta gefe, kada a tsaya ga magungunan kemis. Wani lokaci ƙari ne ke tsirowa a gindin ƙwaƙwalwa yana danne jijiya. Yawancin irinsa ba kansa ba ne, kuma girmansa a hankali yake.

Mutumin Tsafe ko Bungudu ya fara da babban asibitin garinsu, ya nemi takardar turawa zuwa asibitin tarayya na FMC Gusau, daga nan zuwa likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Hoton MRI shi zai nuna girman ƙarin da mazauninsa.

Akwai magani ba tare da tsaga kai ba. Na'urar Gamma Knife, wadda likita Lars Leksell ɗan Suwidin ya fara aiki da ita a 1968, tana tattara haske mai ƙarfi daga kusurwoyi kusan 200 a kan ƙarin kaɗai, galibi a zama ɗaya. Sai dai ta fi dacewa da ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. Ba ta cire shi nan take, tsayar da girmansa take yi, don haka za a riƙa maimaita hoto shekara da shekaru. Babban ƙari tiyata yake so, ƙarami kuwa wani lokaci sa ido ya isa.

Abin da ke damuna shi ne dillalan asibitocin waje. Don Allah kada ku sayar da gona don tafiya Masar ko Indiya neman Gamma Knife sai likitanku ya duba hoton ya ce wannan hanyar ta dace da ku.