Me Ya Sa Ginin Manyan Kantunan Zamani Yake Tsayawa a Allo a Ƙananan Garuruwa?

'Yan uwana ɗalibai, akwai wani fili a bakin garinmu da aka kafa wa allo tun ina sakandare. A jikin allon an zana katafaren rukunin shaguna, irin wanda muke kira mol, ga gilasai ga motoci reras. Yau allon ya koɗe, awaki ne ke kiwo a wurin. Kawuna har kuɗin kafin alƙalami ya biya don ya kama shago, kuma har yanzu rasit kawai yake riƙe da shi. Da muna cewa cinye kuɗin aka yi, shi ke nan. Sai da na shigo sashen kula da filaye da gidaje na gane cewa ko babu ɓarawo ko ɗaya, irin wannan aiki yana iya mutuwa tun a takarda.

Abu na farko shi ne babban ɗan haya. Kowane mol yana dogara ne da wani babban kanti da zai ja jama'a, kamar yadda Shoprite ya yi tun da ya shigo Najeriya a 2005. Shi wannan haya mai sauƙi yake biya, ƙananan shagunan da ke cin albarkacin jama'arsa su ne ke biya da tsada. Banki kuwa ba ya sakin kuɗin gini sai ya ga 'yan haya sun sa hannu. To ka ga sarƙar: babban kanti na jiran ya ga gini, banki na jiran sa hannunsa, ƙananan 'yan kasuwa na jiran su biyun. Ɗaya ya janye, sauran duk sun watse. Masu cika irin waɗannan shaguna kuma raguwa suke yi. Woolworths ya bar Najeriya a 2013, Truworths a 2016, Mr Price a 2020, shi kansa kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya sayar da harkarsa ta nan a 2021. Wanda ya rage, sai ya gama da Legas da Abuja kafin ya waiwayi ƙaramin gari.

Na biyu, yawan jama'a daban, aljihunsu daban. Masu tsara aiki suna son rubuta cewa mutane kaza ne ke zaune kewaye da filin. Tambayar ita ce, nawa ne cikinsu za su cika kwando duk mako su biya nan take? A garinmu albashi ne ke motsa kasuwa, sai kuma lokacin kaka. Mamanka tana da mai shagon da ke ba ta bashi zuwa ƙarshen wata, ta yi tayi, a yi mata ragi, a ƙara mata gyara. Mol ba ya yin ko ɗaya. Mu faɗi gaskiya, mu kanmu in mun je, shan esi da ɗaukar hoto muke yi, mu sayi ruwan roba mu fito. Ko a Kano, da duk kasuwancinta, Shoprite da ke Ado Bayero Mall ya buɗe a 2014, ya rufe a Janairun 2024. In haka ta faru a Kano, ina ga garin da bai kai unguwanninta biyu ba?

Na uku shi ne wanda ya fi kisa: bashi da dala, ciniki da naira. Yawancin manyan mol da rancen dala aka gina su, kuma lifta, na'urorin sanyi da janareta duk daga waje ake shigo da su. A watan Yunin 2016 dala ta tashi daga wajen naira 197 zuwa kusan 280 a hukumance. A 2024 ta haura 1,500. Ɗauki biro ka lissafa: bashin dala miliyan 1 da yake naira miliyan 197 ya koma biliyan 1.5. Mai sayar da takalma ba zai iya ninka farashinsa haka ba, ga kuɗin dizal da ake raba wa 'yan haya duk wata. Da mai zuba jari ya hango wannan, sai ya naɗe tabarmarsa tun kafin a sauke bulo.

Sai batun fili. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka takardar mallaka da amincewarsa dole ne. In gwamnati ta sauya ko rigimar diyya ta tafi kotu, shekaru sai su wuce, lissafin farko ya lalace.

Don haka in ka zo rubuta furojet, ko wani naka ya zo da fom ɗin sayen shago a ginin da ba a fara ba, yi tambaya uku. Wane babban kanti ne ya sa hannu? Su wa za su yi sayayya, da wane kuɗi? Bashin da wane kuɗi za a biya shi? In amsar ta zama kame-kame, ka ce ya riƙe kuɗinsa. Sau da yawa filaza mai shaguna 30 kusa da tasha, wadda aka gina kaɗan-kaɗan da naira, ita ce daidai da garin. Da kawuna ya san haka, da yanzu yana cikin shagonsa.