Sa'ad da Dabbar Yaro Ta Mutu

Darasi domin iyaye. A karanta 2 Sama'ila 12:1-6 da Matiyu 10:29-31.

Arlit garin baƙi ne. Kafin 1969 babu gari a wurin, sai duwatsu da rairayi da makiyaya masu wucewa da raƙumansu. Da aka gano yuraniyam, kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da shi a 1971. A 1978 kamfanin COMINAK ya fara nasa a ramin Akouta, garin Akokan kuwa ya tsiro kusa da shi. Mutane suka yi ta zuwa neman aiki daga Maradi, Tawa da Damagaram. Farin 1973 da na 1984 ya kashe garkuna a ƙasar Abzin, makiyaya da yawa suka zo suka kafa bukkoki a gefen gari.

Duk wanda ya zo ya bar dangi a baya. Yaron da ya tashi a irin wannan gari ba shi da kaka kusa, ba gona, ba garke. Sau da yawa abokinsa shi ne 'yar akuya a bayan gida, ko tantabara, ko ɗan jan kifi a cikin kwalba. Ranar da dabbar ta mutu sai ya fashe da kuka, manya kuwa su yi dariya su ce, "Haba, dabba ce fa!" 'Yan'uwa, ko a ƙauye muke ko a garin ma'adinai, bari mu auna wannan dariya da Maganar Allah.

1. Allah ya san irin wannan ƙauna

Da Ubangiji ya aiki annabi Natan wurin Sarki Dawuda, labarin dabba ya sa a bakinsa. Wani matalauci yana da 'yar tunkiya guda, ya rene ta tare da 'ya'yansa har ta zama kamar ɗiyar gida. Mai arziki ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa. Dawuda bai yi dariya ba. Ya husata ƙwarai, gama shi ma ya yi kiwo yana yaro. Annabin ya kawo labarin ne domin ya tona zunubin sarki, amma ku lura, ba a zargi matalaucin da wauta ba. Marar tausayin aka hukunta.

2. Ba ƙaramar halitta da Allah ya manta

Ubangiji Yesu ya yi misali da gwara, tsuntsun da ya fi kowane araha a kasuwa. Ya koya mana cewa faɗuwar ko ɗaya ba ta ɓoye wa Uba. A ƙarshen littafin Yunusa, da Allah yake bayyana tausayinsa ga Nineba, ya ambaci mutane fiye da 120,000, ya kuma ambaci dabbobinsu. Hakika mutum ya fi dabba daraja nesa, gama shi aka yi cikin kamannin Allah. Amma yaron da ya yi kuka domin akuyarsa bai yi zunubi ba. Tausayi ne yake tsirowa a zuciyarsa. In ka tattake shi yau, kada ka yi mamaki in ka neme shi ranar tsufanka ka rasa.

3. Abin da iyaye za su yi

Ku bar shi ya yi kuka. Kada ku ce namiji ba ya kuka. Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Uwa ta jawo shi jikinta, uba ya zauna kusa.

Ku faɗa masa gaskiya. Kada ku ce ta ɓata, ko an kai ta ƙauye. Da aka rufe ramin COMINAK a watan Maris 2021, iyalai da yawa sun kwashe kaya sun bar Akokan. Yaran wurin sun san tafiya, sun kuma san jiran mai dawowa. In ka ce wa yaro akuyarsa ta yi tafiya, zai yi ta duban hanyar Agadas. Ranar da ya gane ƙarya ce, ya rasa akuya, ya kuma rasa amincewa da maganarka. Kada kuma ku ce tana barci, don kada ya ji tsoron kwanciya.

Ku nuna masa abin da ya kashe ta, domin yaro yakan ɗora wa kansa laifi a ɓoye. Akuyar gari takan haɗiye leda a juji. Leda ba ta narkewa, sai ta cushe tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. Jan kifin nan, wanda asalinsa ƙasar Sin ne, yakan kai shekara 10 ko fiye a ruwa mai faɗi. Amma a ƙaramar kwalba kashinsa yana ɓata ruwan, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai. A zafin bazara na Arlit da wuya ya daɗe. In da sakaci, a gyara da taushin murya. In babu, a ce masa, "Ba laifinka ba ne, ɗana."

Ku binne ta tare da shi. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, musamman in jini yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ci, kada yaro ya taɓa ta. Mai yiwuwa ciwon saifa ne, yana kuwa kama mutum. A sanar da malamin dabbobi.

Kada ku yi hanzarin sayo wata don a toshe masa baki. In kuwa ragon Kirsimeti ne kuka ba shi kiwo, ku gaya masa tun ranar farko cewa na yanka ne.

4. "Baba, zan sake ganinta?"

Kada mu ƙara a kan abin da aka rubuta. Littafi Mai Tsarki bai yi wa dabba alkawarin tashi daga matattu kamar yadda ya yi wa mutum ba. Amma Romawa sura 8 ta koya mana cewa dukan halitta tana nishi, tana jiran ranar 'yantarwa daga ruɓa. Ishaya sura 11 ta nuna mana kyarkeci da ɗan rago suna zama lafiya a mulkin Almasihu. Saboda haka ka ce wa yaron, "Wanda ya halicce ta ya san ta. Zai sabunta duniya, a can kuwa ba mutuwa."

Wata rana yaron nan zai tsaya a bakin kabarin wani na jikinsa. Abin da ya koya a bakin ƙaramin ramin nan shi zai tuna: ko a gidansu ana faɗin gaskiya, ko kuma akwai wurin kai baƙin ciki.

Tambayoyi

1. Don me Dawuda ya husata da jin labarin Natan?
2. Wace ƙarya mukan yi wa yara game da mutuwa?
3. Yaya za mu tsare dabbobinmu daga cin leda?

Addu'a

Ya Uba, kai da kake kula da gwara, ka ta'azantar da 'ya'yanmu. Ka ba mu bakin gaskiya da zuciyar tausayi. Cikin sunan Yesu. Amin.